Angon Kurmin Bayan Mpape

Ku sauke wayoyin nan tukuna, ba za su gudu ba. Tun ɗazu nake kallonku, kowa ya ɗaga tasa sama kamar mai neman sabis, tsuntsu ya yi kuka, waya ta rubuta suna, shi ke nan an zama gwanaye. Wancan mai jar riga har cewa ya yi wai aikin Baba Haladu ai yawon shan iska ne ake biyansa. Na ji ka sarai, ɗana. Kunnen da ke jin takun makwarwa a cikin ciyawa ba zai kasa jin gulma daga taku biyar ba. Ku zauna a kan dutsen nan. Rana ta ɗaga, tsuntsaye sun yi shiru, sai kuma la'asar. Kafin nan bari in ba ku labarin shekarar da na kusa rasa sunana a sana'ar nan, kuma da hannuna na jawo wa kaina.

Aikina na farko da na zo Abuja daga Zariya gyaran fulawa ne a gidajen Maitama. Maigidan wani gida, Bature ne mai son kallon tsuntsaye, duk Asabar yakan tafi Jiwa wurin wani tsoho Bagware, Baba Shekwolo, wanda ya ajiye bindigar farauta ya koma yi wa baƙi jagora a daji. Tsohon ba ya jin Turanci, Baturen ba ya jin Hausa, ni kuma ina da ɗan abin da na tsinto a firamare, sai aka sa ni tafinta. Bature ya gama wa'adinsa ya koma ƙasarsu, ni na maƙale wa tsoho.

Watanni uku na farko Baba bai bar ni na taɓa madubin hangen nesa ba. Zai zaunar da ni a bakin kurmi, fuskata na kallon gonar doya, bayana na kallon itatuwa. Sai ya ce, da irin Hausarsa da ba ta damu da mace ko namiji ba, "To, wane ne tana kuka yanzu?"

In ce kurciya.

"Wace kurciya? Kurciya guda nawa Allah ya yi?"

In na ce cilakowa, sai ya tambaye ni ko kiran matarsa yake ko shirwa ya gani. In na ce ragon maza, sai ya ce daga wane reshe, na sama ko na ƙasa. In na yi ƙoƙarin satar waigawa, sai in ji sanda a kafaɗa. A wurinsa na koyi cewa tsuntsu ɗaya yana da kukan asuba, da kukan tsoro, da kukan faɗa da maƙwabci, da wani siririn sauti da uwa ke yi wa 'ya'yanta wanda in ba ka riƙe numfashi ba ba za ka ji shi ba.

Kayan aikinsa kuwa, da kun gani da kun yi dariya. Rikoda ce mai kaset da wasu masu bincike suka bar masa, sai makirfo da ya ɗaure da waya a tsakiyar wata babbar tasa ta silba, don tasar ta tattaro sauti daga nesa. Batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana. Kaset kuwa sai an je Kaduna ko an yi sa'a a kasuwar Wuse, don haka Baba yana da doka guda da ba ta tashi: kuka biyu za ka ɗauka, ka danna tsayawa, ka faɗi sunan tsuntsu da wuri da lokaci, a wuce. In ka bari ya kai na uku, sanda ce a bayan hannu. Ku riƙe wannan dokar a ranku, don ta shiga babban yatsana ta zauna. Har aka daina kaset, na sayi rikoda mai memori wadda za ta yi yini tana ɗauka ba ta cika ba, amma yatsan nan bai sami labari ba.

Baƙi na gani iri-iri. Akwai mai zuwa da littafi yana so ya soke sunaye kawai ya tafi, tsuntsu na gina sheƙa a gabansa ba zai tsaya minti ɗaya ba. Akwai wata mata daga Brazil da ke aiki a ofishin jakadancinsu, ita ta nuna mini hotunan tsuntsayen ƙasarsu da ake kira tanaja, ƙananan abubuwa masu launi kamar an zazzage shagon rini a kansu. Ta ce da yawansu duk da wannan ado kukansu siriri ne, sai ka saba kafin ka bambanta su. Na ce mata namu nan wasu ba ado sai murya, wasu kuma Allah ya haɗa musu duka. Daga baya alhazai da hajiyoyin ma'aikatu suka fara zuwa, wasunsu likita ne ya ce su riƙa tafiya a ƙafa saboda hawan jini, suka zo don ƙafa suka zarce don kunne. Suka kafa 'yar ƙungiya da ke haɗuwa a wani lambu Asabar ɗin farkon wata. Duk wanda ke neman jagora a garin nan, daga bakin mutanen nan yake jin sunan wanda zai kira, kuma shekaru da yawa sunana suke faɗa.

Kafin in kai ga aikin da ya kayar da ni, sai kun san tsuntsaye biyu. Na farko muna ce masa Farar Hula: jan ƙirji, baƙin baya, da fari a tsakiyar ka. Yana zama a ƙasa-ƙasa cikin sarƙaƙiyar bakin rafi, kuma ɓarawon murya ne na gaske. Duk abin da ya ji sai ya kwaikwaya, kukan shirwa, kukan 'yan tsaki, fiton manomi yana kiran karensa. Amma ba shi da haƙuri. Kukan aro sau biyu yake yi, in ya daɗe uku, sai ya tsallaka zuwa wani. Na biyun muna ce masa Ango, saboda shigarsa: kore mai walƙiya daga kai har wutsiya, ciki rawaya kamar kwaiduwar ƙwai. Tsuntsun manyan dazuzzukan kudu ne, yana zama can ƙololuwar itace, kukansa fito ne mai gaɓa huɗu, ta ƙarshe tana hawa sama. Shi kuma in ya fara ba ya gajiya, sai ya maimaita har ka ƙosa. Sau ɗaya na taɓa jin sa, da na raka wani baƙo kudu, kuma a cikin 'yan ƙungiyar nan babu wanda ya taɓa jin sa a kewayen Abuja.

Aikin na wata hukuma ne. Suna son jerin tsuntsayen da suka rage a kurmin da ke bin rafi a bayan duwatsun Mpape, aka ba da shi a hannun Dakta Mansur, shi kuma ya ɗauke ni. Bakatsine ne, ya yi karatun tsuntsaye a waje, shi ne kuma shugaban ƙungiyar nan ta Asabar. Ba mugu ba ne, kada ku ce na ce. Mutum ne dai da ba ya karɓar magana sai da shaida, ko daga bakin wa ta fito.

Ranar da abin ya faru mun rabu, shi ya bi gefen dutse, ni na bi rafi. Ƙarshen damina ne, hadari ya haɗo. Ina tsaye ƙarƙashin wani dogon maɗaci sai na ji shi daga can sama, gaɓa huɗu, tar da shi. Na saita makirfo, ya yi ɗaya, ya yi biyu, yatsana ya danna tsayawa, na faɗi suna da wuri da lokaci, na rataya rikoda. Sannan na shiga zagaye itacen ina leƙe, shi kuwa yana ta yi, ya fi minti goma sha biyar yana yi. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai in sake kunnawa ba, don a kaina aikin ɗauka ya riga ya ƙare. Ban gan shi ba har ruwa ya sauko ya kore mu duka.

A taron Asabar Dakta ya kunna abin a gaban kowa. Fito biyu, sai ƙas, sai muryata tana faɗin suna cike da alfahari.

Ya ce, "Malam Haladu, Farar Hula sau nawa yake maimaita kukan aro?"

Na ce, "Sau biyu, ranka ya daɗe. Wani lokaci uku."

"To nan sau nawa muka ji?"

Na ce ai ya ci gaba da yi, ni ne na tsayar. Ya ce, "Ka ji tsuntsun da babu wanda ya taɓa ji a nan, rikoda na hannunka, ka tsayar? Me ya sa?"

Me zan ce? In ce wani tsoho ne ya doke ni a hannu shekara ashirin da wani abu da suka wuce? Wani mai ƙaton agogo daga baya ya ce, "Oga, ai jagora in ya ga kasuwa ta yi sanyi sai ya haifi sabon tsuntsu." Aka yi dariya. Dakta bai yi dariya ba, amma abin da ya yi ya fi dariyar zafi. Ya soke sunan Ango daga jerin, sannan ya ce duk abin da na rubuta ni kaɗai ba tare da shi ba sai an sake tantancewa. Ma'anarsa ke nan kunnena ba abin yarda ba ne, kuma mai sana'ata ba shi da wani jari sai kunnen.

Waya ta mutu mini ɗif. Na koma gindin maɗacin nan ya fi a ƙirga, amma damina ta ɗauke, shi kuma Ango ba ya kuka da rani. Wata biyu, wata uku, babu mai kira. Na ciro tsohon almakashina na koma Maitama yankan fulawa, da furfura a gemuna. Wani maigadi da ya san ni har tsokanata yake, in hankaka ya wuce ya ce, "Baba, wannan kuma daga wace ƙasa ya zo?" Raina ya ɓaci ƙwarai a shekarar nan, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne Dakta bai yi kuskure ba. Da ni aka kawo wa wannan shaidar, da ni ma na soke ta.

Dab da faɗuwar sabuwar damina na tafi Jiwa gaida Baba Shekwolo. Ya tsufa tukuf, idonsa ya tafi, yana zaune a ƙofar ɗaki. Na ba shi labari tun daga farko. Ya yi dariya har da tari.

"Kai, Haladu! Kaset ya ƙare a duniya, kai har yanzu kana tattalinta?"

Na ce, "Baba, ai kai ka sa."

Ya ce, "Na sa. To yanzu ka saurara. Sun ce Farar Hula ne, ko? Madalla. Farar Hula ba ta ƙirƙira komai, abin da ya ji shi take faɗa. Ka je ka tambaye ta inda ya ji."

A mota ina komowa na gane abin da yake nufi. Kowace sarƙaƙiya a bakin rafi tana da nata Farar Hula, ba ya barin wani ya shigo masa, kuma bakinsa cike yake da muryoyin maƙwabtansa. Wanda ke jin Ango kullum zai riƙe kukan sabo fil. Wanda ya ji daga nesa, ko ya aro a bakin wani ɗan'uwansa, zai riƙe shi a gurgunce. Ashe ba Ango zan nema ba, shi da ke iya zama a kan kowane itace cikin dubu. Ɓarayin muryarsa zan bi ɗaya bayan ɗaya har su kai ni ƙofar gidansa.

Da ruwa ya zauna na fara. In na idar da sallar asuba sai in hau acaɓa zuwa ƙarshen Mpape, in bi 'yar hanyar ƙafa tare da leburorin da ke tafiya wurin fasa dutse, in gangara rafi. In sami sarƙaƙiya, in zauna, in jira mai gidan ya zazzage duk abin da ke bakinsa. Wani rabin awa, wani sai ka dawo masa kwana biyu, don in ya ga mutum sai ya yi gum. Waɗanda ke kusa da gidaje ba su da komai sai 'yan tsaki da fiton 'yan acaɓa. Akwai wani shaiɗani kusa da wurin fasa dutse da ya kware da usur ɗin da ake busawa kafin a tayar da nakiya. Da idona na ga leburori biyu sun yar da shebur sun ruga saboda shi, ɗaya yana ihu, "Oga bai faɗa mana ba!" Na yi dariya ranar, karo na farko cikin watanni.

A wurin Farar Hula na shida na fara jin abin da nake nema. Gaɓa uku ya yi, ya yar da ta huɗun, ya wuce kukan kurciya. Na bakwai ma haka. Gaba kaɗan rafin ya rabu biyu, na bi hagu saboda wani gwani da ke bakin mararrabar ya yi gaɓa huɗu cif. Sati biyu na ɓata a wannan hannun. Duk wanda na tarar a sama ba shi da muryar Ango ko kaɗan, sai shirwa da kulkulu. Na dawo mararraba na zauna na sake sauraron gwanin nan, sai na lura in zai yi kukan Ango dama yake juyawa, kamar mai ba da amsa. Hannun daman kuwa kwazazzabo ne mai santsi, ruwa har gwiwa, shi ya sa na guje shi da farko. Na naɗe wando na shiga.

Daga nan kowane Farar Hula yana da ita, cikakkiya, har da hawan nan na ƙarshe. Kwana na huɗu na ɓulla wani lungu tsakanin duwatsu biyu, itatuwa dogaye da masu sara suka bari don ba ta inda za a fitar da gungume. Ban gama share zufa ba Ango ya fara daga sama. Na kunna rikoda, na ajiye ta a kan dutse, na matsa gefe na zauna a kan hannuwana biyu, don ban yarda da yatsan nan ba. Haka na zauna kamar wanda aka yi wa horo, har rikoda ta fara ƙyafta jar wuta.

Ban aika wa kowa ba. Na je ofishin Dakta, na zauna a benci har ya fito sallar azahar. Ya ce, "Malam Haladu, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ba sauti na kawo maka ba, kai na zo ɗauka. Asabar, ka sa takalmin ruwa."

Ya dube ni ya ce to. In ba shi haƙƙinsa, ya zo, kuma ya zo da mutum uku na ƙungiya, har da mai ƙaton agogon nan. Awa biyu muna hawa. Muka isa lungun, muka zauna, shiru. Rabin awa ta wuce, cinnaku sun fara gaisawa da baƙi. Sai can daga ƙasa cikin sarƙaƙiya aka yi fito mai gaɓa huɗu, aka sake, aka zarce da kukan kurciya. Mai agogo ya yi wani murmushi, Dakta ya juyo ya ce a hankali, "Wannan ne?"

Na ce, "Wannan maƙwabcinsa ne. A ƙara haƙuri."

Bakina ne ya faɗa, amma a zuciya addu'a nake yi. Daga nesa aka tayar da nakiya, ƙasa ta girgiza, duk kurmin ya ɗauke wuta. Shirun bai daɗe ba sai daga ƙololuwa aka amsa. Ɗaya. Biyu. Na ga Dakta ya ɗaga yatsu yana ƙirgawa. Uku. Huɗu. Da yatsun hannu biyu suka ƙare sai ya sauke su, ya ɗaga madubi yana lalube cikin ganye.

Na ce, "Ba haka ba, ranka ya daɗe, koren ba zai ganu ba, launinsu ɗaya da ganyen." Na kama kafaɗunsa na juya shi har rana ta koma bayansa. "Ka bi babban reshen nan zuwa inda ya rabu uku. Kada ka nemi tsuntsu, nemi ganye ɗaya rawaya wanda ke motsi alhali babu iska."

Ya bi reshen da madubi. Sai ganyen ya juya, rana ta dake shi, koren nan ya kama wuta, ya buɗe baki ya yi gaɓa huɗu a kan idon Dakta.

"Subhanallah," in ji shi. Ya sake cewa, "Subhanallah."

Ya miƙa wa mai agogo madubin ya ce, "Karɓi, Alhaji, ka ga tsuntsun da Malam ya haifa." Alhaji ya kalla, ya kasa haɗa ido da ni. Dakta ya ciro littafinsa a nan kan dutse ya rubuta Ango, ya rubuta sunana a gefe, ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Ya ce a inda ya soke ni a can zai tsaya ya warware, kuma ya cika. Daɗin da na ji ba zan ɓoye muku ba.

Da muka tashi saukowa na kai hannu in ɗauki jakata, mai rikoda da makirfo da gorar ruwa, sai na tarar ya riga ni, ya rataya ta a kafaɗa a kan tasa.

Na ce, "Haba Dakta, don Allah kawo, kunya za ka ba ni."

Ya ce, "Malam Haladu, shekara guda na sa ka ɗauki abin da ya fi wannan nauyi. Wuce gaba."

Na wuce gaba. Muka fito daga kwazazzabo, muka bi ta wurin fasa dutse, muka shiga tsakiyar Mpape, masu shayi da leburori da direbobin tifa duk sun tsaya suna kallon babban oga na hukuma, wandonsa duk taɓo, yana bin bayan mai yankan fulawa da jaka biyu. Akwai gajeruwar hanya zuwa inda suka ajiye mota, na san ta sarai. Ta cikin kasuwa na bi da mu, kuma ban yi sauri ba.